Tambayoyinku: Gida ko Gwamnati, Wa Zai Koya wa Yaro Karatu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, autana shekararsa biyar. Mun yi musu da maigidana. Shi yana ganin koya wa ƙaramin yaro karatu aikin iyaye ne, gara gwamnati ta zuba kuɗinta a sakandare da jami'a. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta da haka ba. Ki raba mana gardama. Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki gaishe min da maigida, ki ce masa yana da gaskiya a abu guda: yaron da ake yi wa hira, ake karanta masa labari a gida, ya riga tsaransa yin nisa.

Sai dai ni na daɗe ina koyar da 'yan aji ɗaya, kuma tun ranar farko nake gane bambancin. Idan na raba littattafai, wani yaron zai buɗe daga farko, ya ɗora yatsa a kan layi. Wani kuma zai riƙe nasa a kife, yana kallona. Har yau ina tuna idanun irin waɗannan yara. Ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Iyayensu ne ba su samu karatun ba, kuma mutum ba ya bayar da abin da ba shi da shi. Idan aka ce a bar wa gida, wannan yaron an bar wa wa?

A 2019 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin 100 na yaran ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suna kai shekara goma ba su iya karanta gajeren labari su fahimta ba. Bayan rufe makarantu na lokacin korona, ƙiyasin 2022 ya kai kashi 70. Yaron da ya kai aji uku bai iya karatu ba, lissafi ma zai gagare shi, domin tambayar a rubuce take. Kuɗin jami'a ba za su taɓa isa gare shi ba. Tun a hanya zai zube. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma ban yarda da kowane irin kashe kuɗi ba. Na ga ajin da aka yi wa fenti mai kyau, yara na rera baƙaƙe kamar waƙa, amma ka nuna musu harafi guda su yi shiru. Abin da ke aiki sananne ne. A Sobral, wani gari a jihar Ceará ta ƙasar Brazil, an gwada yara a farkon shekarun 2000, aka tarar kusan rabin 'yan aji biyu ba sa iya karatu. Hukuma ta mai da karatun farko babban aikinta: horar da malamai akai-akai, kayan aiki a hannunsu, da sauraron kowane yaro yana karantawa. A 2007 jihar ta faɗaɗa tsarin, har ta ɗaure wani kaso na harajin da take raba wa ƙananan hukumomi da sakamakon yaransu. Kenya ma, a shirin Tusome da ta fara a 2015, ta ba kowane ɗan aji ɗaya da aji biyu littafinsa na kansa, ta kuma tura jami'ai su zauna a aji su taimaka wa malami.

Ni da za a tambaye ni, zan ƙara da cewa a fara da harshen da yaro ke ji a gida, domin ya fi saurin haɗa sauti da harafi a kalmar da ya sani.

Ke kuma, idan kika kai autanki makaranta, ki tambayi malamarsa ko yana da littafinsa shi kaɗai, da kuma minti nawa ake ware wa karatu kullum. Da daddare ki ba shi layi biyu da bai taɓa gani ba, ku saurare shi ke da babansa.