Asalin "Careless Whisper" da dalilin da busarta ke ba masu saksafon wahala

Ɗan'uwa, ka tambayi inda waƙar nan ta samo asali, da abin da ya sa duk yadda mai busarku ya yi ƙoƙari sautin ba ya fita kamar na faifan.

George Michael ne ya tsara ta tare da Andrew Ridgeley, abokinsa na ƙungiyar Wham!, a 1981. George yana ɗan shekara 17, a cikin bas karin busar ya faɗo masa. A 1983 ya tafi Muscle Shoals a jihar Alabama ta Amurka, furodusa Jerry Wexler ya ɗauki waƙar, amma aikin bai kwanta masa ba. Sai ya dawo Landan ya sake ɗaukarta da kansa a sutudiyon Sarm West. Masu busa da dama sun gwada aka sallame su kafin Steve Gregory ya zo.

Amsar tambayarka tana nan. Saksafon ɗin Gregory tsohuwar tenor ce (nau'in saksafon mai kaurin murya), ba ta da maɓallin sautin ƙololuwa da busar ke buƙata. Sai aka rage gudun tef, ya busa rabin mataki ƙasa (wato ƙasa kaɗan da ainihin sautin), sannan aka mayar da tef ɗin gudunsa. Wannan ya ɗaga sautin ya kuma sirantar da shi, shi ya sa kunne ke ɗauka alto ce, wato ƙaramar saksafon da ta fi tenor siririyar murya. Kayan aiki kaɗai ba za su ba ku wannan muryar ba.

Shawarata, ku ɗauki alto, ta fi kusa. Waƙar a ma'aunin sauti na D minor take, kod (haɗin sautuka da ake kaɗawa tare) huɗu ke zagayawa daga farko har ƙarshe: Dm, Gm7, B♭maj7, Am7, a bugu kusan 76 cikin minti. Waɗannan masu lamba 7 su ne ƙamshin jazz ɗin. Kuskure na farko shi ne mai piyano ya sauƙaƙa su ya cire bakwai ɗin, waƙar ta zama lami. Kuskure na biyu gaggawa ce: mai busa ya ji tsoron sautin farko na can sama, ya matse baki, sautin ya zarce. Iska daga ciki za ta fito, leɓe a sake.

Waƙar ta fito a Yulin 1984, ta yi mako uku a kan gaba a Ingila, a Amurka kuma mujallar Billboard mai jera waƙoƙin da suka fi kasuwa ta ba ta lamba ɗaya ta shekarar 1985. 'Yan ƙungiyar mawaƙa ta Seether sun mai da ita kiɗan rock a 2009, suka ba jita aikin saksafon.