Amsa: Ƙaunar Allah da gaba da maƙwabci

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Kirista zai iya cewa yana ƙaunar Allah alhali yana gaba da maƙwabcin da ya cinye masa bashi. A gaskiya ba zai yiwu ba, domin 1 Yohanna 4:20 ta kira mai irin wannan da'awa maƙaryaci, kuma a Matiyu 5:23-24 Yesu ya ce a ajiye baiko gaban bagade, a fara sulhu tukuna.

Sai dai yafiya ba ta wajabta maka sake ba shi rance ba. Abin da na ga yana aiki a ikkilisiyarmu shi ne ka fara gaishe shi da safe, ka duba shi idan yana jinya, sannan ku kai maganar kuɗin gaban dattawa biyu.