Takardar Gina Direban psqlODBC Ta Tsufa, Ta Ina Zan Fara Gyara?

Tambaya: Malam, a ofishinmu akwai takardar da wani tsohon ma'aikaci ya bari kan yadda ake gina direban psqlODBC, wanda manhajarmu ke bi ta kansa zuwa rumbun bayanai na PostgreSQL. Mun sauya saba, wato babbar kwamfutar ofis, zuwa sabuwar Ubuntu, na bi takardar layi-layi, abin ya ƙi. An ce in sabunta ta. Ta ina zan kama?

Amsa: Malam, kada ka fara da gyaran rubutun. Fara da samun injin da ba a taɓa girka komai a kansa ba, ko da kwantenar Docker ce, wato keɓaɓɓen muhalli a cikin kwamfuta, ka bi tsohuwar takardar a can kana rubuta duk inda ka tsaya. Wanda ya rubuta ta yana da kayan aiki a kwamfutarsa da ya manta ya ambata, tunda shi bai taɓa ganin rashinsu ba.

Abu na farko da zai tare ka shi ne inda ka samo tushen manhajar. Idan kunshin da aka fitar a hukumance ne, fayil ɗin configure na ciki, sai ka ci gaba da ./configure da make da make install. Idan kuwa daga git, ma'ajiyar tushen manhajar, ka ɗauko, babu shi. Sai ka girka autoconf da automake da libtool, ka kunna autoreconf -i tukuna. Takardu da yawa suna cakuɗa hanyoyin biyu, mai bi ya rasa gaba ya rasa baya. Zaɓi ɗaya, ka faɗi wadda ka zaɓa.

Sai libpq, laburaren da manhajoji ke magana da PostgreSQL ta cikinsa, kuma a nan nake son ka fi zuba ido. A da direban yana iya magana da sabar PostgreSQL da kansa, amma tun daga sigarsa ta 09.05 duk maganar ta libpq take bi, don haka dole ne a girka libpq-dev kafin gini. Sigar libpq ɗin ma ba ƙaramin abu ba ce. PostgreSQL 10 ya zo da tsarin tantance kalmar sirri na SCRAM-SHA-256 a 2017, PostgreSQL 14 kuma ya mayar da shi zaɓin asali a 2021. Idan direbanka ya jingina da libpq da ba ta kai siga ta 10 ba, ginin zai kammala lafiya lau, sai an zo haɗawa da rumbun ya ƙi, da saƙon cewa SCRAM na buƙatar libpq 10 ko sama. Shi ya sa ban yarda da takardar da ta ƙare a kan make install ba. Ka sa a rubuce cewa mai gini ya duba pg_config --version, domin saba ɗaya tana iya ɗauke da PostgreSQL biyu, configure kuma ya kama wanda ba shi kake nufi ba.

Manajan direbobi kuma, wato abin da ke haɗa manhaja da direbanta, unixODBC ne ko iODBC. A Ubuntu yawanci unixODBC ne, kunshinsa unixodbc-dev, sai ka ƙara --with-unixodbc. Ka ambaci sigar GCC ɗin da ka gwada da ita, wato manhajar da ke gina tushen da aka rubuta da yaren C. GCC 14 na 2024 yana tsayar da gini kan wasu kura-kuran C da a da gargaɗi kawai ake yi a kansu.

Gini zai ba ka fayil biyu, psqlodbcw.so mai Unicode da psqlodbca.so na ANSI. In bayananku na ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, na farkon za ka yi wa rajista a odbcinst.ini, in ba haka ba sunayen mutane na iya dawowa da alamar tambaya a tsakiya. Umarnin odbcinst -j zai nuna maka fayilolin da ake karantawa da gaske. Daga nan ka gwada da isql -v da sunan haɗin da ka rubuta a odbc.ini, ka kwafe abin da allon ya nuna cikin takardar, don na baya ya san kamannin nasara.

In ka gama, ka miƙa wa abokin aiki da bai taɓa gina direban ba, ka zauna kusa da shi ka kame bakinka. Duk inda ya waiwayo ya tambaye ka, akwai layin da bai shiga takardar ba. A saman shafi kuma ka rubuta ranar gwajin da sigogin Ubuntu da libpq da psqlODBC da aka yi shi da su.