Kar ka shafa wa gidan nan siminti

Ka ce ka sayi tsohon gidan gona mai ginshiƙan katako a Ingila, kana so ka shafe bangon da siminti. Dakata tukuna, ɗan'uwa.

Fara duba rajistar Historic England, hukumar da ke kula da gine-ginen tarihi a Ingila. Kusan duk ginin da aka yi kafin 1700, in yana nan yadda yake, yana cikinta. In naka na ciki, dokar kare gine-ginen tarihi ta 1990 ta ce sai ƙaramar hukuma ta ba ka izini kafin ka canja masa kama, ciki ko waje, kuma yi ba izini laifi ne da ke kai mutum kotu.

Ko da ba doka ma, siminti zai cuce ka. Ginshiƙan icen oak ne, an sarƙe su da turakun ice, tsakaninsu kuma saƙar tsumagu da aka yaɓe da laka da ciyawa da kashin shanu. Irin bangon nan numfashi yake yi. Duk wanda ya ga gidan ƙasa da aka yi wa filasta a Kano ya san ƙarshen zancen: danshi ya maƙale a ciki, a naka gidan kuma ice ya ruɓe daga gindi, kai kana ganin waje fes. Nemi maginin da ya iya aikin farar ƙasa.