Shirwa, Shaho, Mikiya da Sauransu: Amsoshin Tambayoyinku Kan Sunayen Tsuntsaye

Tambaya: Malam, duk tsuntsun da na ga yana jewa a sama shaho nake ce masa. Wani ya ce ina kuskure. Mene ne bambancin shaho da shirwa?

Wanda ya gyara maka yana da gaskiya, kuma kuskuren ya yaɗu har ana neman rasa kalmar shirwa a bakin yara. Abin da za ka fara duba shi ne wutsiya. Wutsiyar shirwa a tsage take a tsakiya kamar ta kifi, kuma tana murɗa ta dama da hagu tana tuƙa kanta da ita. Launinta ƙasa-ƙasa ne, faɗin fukafukanta ya kusa mita ɗaya da rabi, tashinta a sanyaye. Ita ce ke taruwa inda ake yanka ko inda daji ke cin wuta, tana kama fārin da hayaƙi ya tayar. Shaho ya fi ta ƙanƙanta da zafin nama, wutsiyarsa ba tsagu, kuma sau da yawa ba ka ganin zuwansa sai dai kaji su watse. Sunan ya haɗa tsuntsaye fiye da iri ɗaya, duk masu farautar abu mai rai.

Shi ya sa karin maganar ta zaɓi shaho: "Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi." An haɗa maƙiyin ƙasa da na sama, kowannensu mai kai farmaki ba sanarwa. Ita kuwa shirwa, da yake tana daɗewa tana kewaya gida ana kallonta, sai aka ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, wato mai abin da zai rasa shi ne mai fargaba. Ka lura da aikatau ɗin ma: jewa ita ce kewayawa a sama ba tare da kaɗa fiffike ba, sura kuwa ita ce saukowa a fizge abu a wuce.

Tambaya: Mikiya da ungulu abu ɗaya ne?

A'a, amma 'yan uwa ne na kusa fiye da yadda ake zato. Yau da yawa sun ɗauki mikiya a matsayin sarauniyar masu farauta, irin wadda ake zanawa a tambarin ƙasashe. Ƙamusun Hausa na Bargery na 1934 ya nuna asalin mikiya babbar ungulun daji ce mai dogon wuya, mai cin mushe, wadda faɗin fukafukanta ya haura mita 2. Mai farautar da ake nufi, gaggafa ta fi dacewa da ita. Kirarin mikiya na hangen nesa ba ƙari a ciki: a shekarar 1973 jirgin sama ya yi karo da irin wannan mikiya a sararin Abijan, a tsayin kusan mita 11,300, kuma ana lissafa wannan cikin mafi nisan tashin tsuntsu da aka tabbatar.

Ungulu, ko angulu a wani karin harshen, ita ce ƙaramar da ta saba da mutane: siririn baki, fuska ba gashi, fatar fuskar kan yi ja in ta harzuƙa. "Ungulu ba ta jewar banza" magana ce ta wanda ya zauna ya lura. Ungulu ba ta tashi da sassafe. Sai hantsi ya dubi ludayi, ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗumi ta fara hawa sama, sannan ta hau iskar. Tana can sama idonta na ƙasa, kuma yana kan 'yan uwanta. Ɗaya na sauka sauran su bi. Ana faɗin karin maganar ga mutumin da ba ya zuwa wuri sai da buƙata. Abin da ke damuna shi ne, tun 2015 an sa wannan ungulu cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya, saboda guba da farauta. Yaron da bai taɓa ganin ungulu na jewa ba, da me zai fahimci maganar?

Wani abin sha'awa na nahawu: ungulu ta ƙare da wasalin "u" amma tamata ce, hankaka ya ƙare da "a" amma namiji ne. Jinsin sunan ba ya bin jinsin tsuntsun da ke gabanka. Ko namijin ungulu ne, "ta tashi" za ka ce.

Tambaya: Me ya sa ake cewa "Hankaka mai da ɗan wani naka"? Da gaske ba ya haihuwa?

Yana haihuwa sarai. Macen kan yi ƙwai kamar 3 zuwa 6, ta kwanta a kansu kwana 18 zuwa 19. Abin da ya haifar da zancen shi ne ba a cika ganin ɗan hankaka ba. Sheƙarsa tana can ƙololuwar itace ko turken wuta, 'ya'yan kuma kan yi fiye da wata guda a ciki, ba sa fitowa sai sun yi gashi sun kusa kai girman iyayensu, da farin ƙirjinsu da komai. Ga shi kuma ana ganinsa yana satar ƙwai da 'yan tsaki. Sai mutane suka haɗa biyun, suka ce ɗauka yake yi ya rena su zama nasa. Gaskiyar ita ce ci yake yi.

Duk da haka maganar ba ta faɗi ƙasa banza ba. Akwai wani tsuntsu mai doguwar wutsiya da tukku, mai ɗige-ɗigen fari a fukafukai, wanda ba ya yin sheƙa. Macensa kan faki ido ta saka ƙwai a sheƙar hankaka, hankaka ya ƙyanƙyashe ya ciyar har ɗan ya tashi. To ka ga hankaka kan reni ɗan wani, sai dai shi aka cuta. A amfani da harshe kuwa, ana jifan wanda ya mallake abin da ba nasa ba da wannan kirari.

Tambaya: A tafiya nakan ga fararen tsuntsaye da dogayen ƙafafu a gefen hanya. Yaya zan raba balbela, zalɓe da shamuwa daga cikin mota?

Dubi inda tsuntsun yake tsaye da yadda ya riƙe wuya in ya tashi. Balbela fara ce fat da rawayan baki, a tudu take, tana bin shanu tana tsintar ƙwarin da kofatonsu ya tayar. Kada a haɗa ta da carki, wanda shi a bayan saniyar yake maƙalewa yana cire kaska. Zalɓe ya fi ta tsawo nesa, toka-toka ne, yakan tsaya cak a bakin ruwa shi kaɗai yana jiran kifi. Balbela da zalɓe in sun tashi lanƙwashe wuya suke yi. Shamuwa baƙa ce, cikinta fari, tana tashi da wuya a miƙe kamar gauraka.

Lokaci ma shaida ne. Shamuwa tana iso arewacin Afirka ta Yamma wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa ta ƙyanƙyashe, in ruwa ya ɗauke ta nufi kudancin nahiyar inda damina ke farawa. Saboda haka ake danganta zuwanta da faɗuwar damina. In ka ga wani abu mai kama da ita a tsakiyar hunturu, sake dubawa. Balbela kuwa matafiyi zai same ta har a Amurka, domin ta ƙetara tekun Atlantika da kanta tun ƙarshen ƙarni na 19.

Tambaya: Kurciya da hasbiya fa?

Hasbiya ta kai girman tantabara, da jar fata kewaye da ido da ɗigon fari a fukafukai, tana son saman gini. Kurciya ta fi ta ƙanƙanta, tana kiwo a ƙasa. In ka ga wata 'yar mitsitsiya mai doguwar wutsiya ta tashi daga gefen hanya da sauri, bardo ne, namijin yana da baƙar fuska har zuwa ƙirji. In za ka tantance su, fita da safe, ka sa rana a bayanka, don in tana gabanka dukkansu baƙaƙe za ka gan su.