Tambaya da Amsa: Kaka ta shigo, tumatir ya ƙi nuna

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan lambu a bayan gida, kunya huɗu ta tumatir, ɗaya ta barkono, sai wake da ya hau katanga. Kaka ta shigo, dare ya fara sanyi. Ganyen tumatir na ƙasa ya yi ɗigo-ɗigon baƙi yana bushewa, 'ya'yan kuma sun tsaya kore shar, ga shi har yanzu yana fure. In ƙara masa taki ne, ko in tuge komai in huta? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Taki kam ki mayar da shi inda kika ɗauko. In kin zuba yanzu, ganye kawai zai tofo, ba ɗa ko ɗaya da zai nuna saboda shi.

Furen nan ma kada ya ruɗe ki. Daga fure zuwa nunannen tumatir ana cin wata ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma idan sanyin dare ya sauka ƙasa da digiri 10, nuna kusan tsayawa yake yi cak. Ki sa farce ki tsinke kan kowace shuka, ki cire fure da ƙananan 'ya'yan da ba su wuce goro ba. Na san da ciwo, ni ma shekarar farko hannuna ya ƙi. Ki rage ban-ruwa kuma.

Manyan korayen, ki gwada ɗaya. Ki yanka shi gida biyu da wuƙa mai kaifi. Idan cikinsa ya yi yauƙi, ƙwayoyin iri suna zamewa gefe wuƙa ba ta raba su ba, to ya ƙosa, kuma duk masu girmansa za su nuna a ɗaki. Idan cikin a bushe yake, iri fari fat ya yanku, wannan ba zai yi ja ba ko wata zai yi. Ki jera ƙosassun a kwali, kada su hau kan juna, ki saka ayaba nunanniya guda ɗaya a tsakani. Wata iska ce mai suna etilin ke fita daga ayabar, ita ke tada nunar. Ba sai sun ga rana ba, ɗumi suke so. Firiji kuwa haramun ne a wajensu. Ki riƙa leƙawa kullum, don ruɓaɓɓe ɗaya sai ya ɓata kwali guda.

Ganyen da ya yi baƙi shi ne abin da ya fi damuna a wasiƙarki. Alamar cutar fumfuna ce, kuma tana iya kwana a busasshen kara har shekara ta zagayo. Wata shekara na yi ganganci na tara irin wannan kara cikin tulin takina, ina ganin na yi tattali. Da na baza takin, da hannuna na raba cutar kunya-kunya. Tulin taki na gida ba kasafai yake kai zafin digiri 55 zuwa 60 da ke kashe ta ba. Ki tuge masu ciwo har saiwa, ki fitar da su daga lambun gaba ɗaya, ki tsince ganyen da ya zube, ki wanke sandunan da kika tokare su da su.

In kin tuge, kada ki yi saurin jefarwa, ki karkaɗe ƙasar ki dubi saiwa. Saiwa mai lafiya siririya ce, fara. Idan kin ga ta kumbura ƙulu-ƙulu kamar an ɗaɗɗaure igiya, akwai tsutsar ƙasa wadda ido ba ya gani. Wake ma yana da ƙulu a saiwarsa, amma nasa alheri ne: ƙanana ne, a gefe suke manne, da kin murza da yatsa sai su faɗo, cikinsu jaja-jaja. Su ne ke tara wa shuka sinadarin naitirojin daga iska. Saboda haka wake ba a tuge shi, a yanke shi daga gindi a bar saiwa ta ruɓe a wurin.

Barkono ki tsinke shi duka kafin sanyi ya yi tsanani. Sai dai ki sani shi da tumatir da gauta da dankalin Turawa 'yan gida ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Kunyar da ɗayansu ya zauna bana, ki hutar da ita daga dangin nan shekara 3 in fili ya ba ki dama. Ki zana lambun a takarda tun yau, don wallahi nan da wata shida ba za ki tuna wa ya zauna ina ba.

Daga nan sai ki baza ruɓaɓɓen taki, ki lulluɓe ƙasar da busasshen ganye mai lafiya kamar kaurin yatsu huɗu, kada a bar ta tsirara.

Ba ki tambayi iri ba, amma ga ƙari. Ki zaɓi nunannen tumatir daga shukar da ta fi lafiya, ki matse cikinsa a kofi, ya kwana biyu ko uku har ya yi kumfa, ki wanke, ki shanya a inuwa. In fakitin da kika saya an rubuta F1 a jiki, wato irin da aka haɗa daga nau'in tumatir biyu, kada ki wahalar da kanki, 'ya'yansa ba sa gadon uwa.