Ga ƙanenmu da ya yi tambaya kan 'yan gwagwarmaya

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena, na ga tambayarka, cewa wasu kwamared a makarantarku suna jan ka zuwa ƙungiyarsu, Baba kuma ya ce 'yan gurguzu ne marasa addini, 'yan hayaniya da ba su taɓa tsinana wa kowa komai ba, shi ne kake son sanin ko da gaske sun taɓa kare dimokuraɗiyya. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don irin maganar da aka yi mini ke nan a gidanmu.

Kada ka yi musu da Baba, tsoron abin da zai same ka ne ya sa shi faɗin haka. Amma zancen ba su tsinana komai ba, a nan kam ban yarda ba. Wa ya soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979? Gwamnoninsu Rimi da Balarabe Musa ne, a ƙarƙashin jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano. Kafin su, tun 1950 'yan jam'iyyar NEPU ke shan bulala da ɗauri a hannun En'e don talaka ya samu bakin magana, Hajiya Gambo Sawaba kuwa kurkuku ya zame mata kamar gida. Su ma an ce musu marasa addini, alhali Malam Aminu Kano har tafsiri yake yi.

Ni wanda na gani da idona shi ne na zamanin soja. Da Babangida ya soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, manyan 'yan siyasa da yawa layi suka bi suna neman minista a wajen Abacha. Waɗanda suka tsaya su ne 'yan ƙwadago, ɗalibai, malaman jami'a da lauyoyi irin su Gani Fawehinmi. A watan Yuli 1994 ma'aikatan mai na NUPENG suka tafi yajin aiki, PENGASSAN ta manyan ma'aikatan mai ta bi su, ƙasa ta tsaya cik. A watan Agusta aka rushe shugabancinsu har da na NLC, uwar ƙungiyar ƙwadago, aka kama sakataren NUPENG Frank Kokori aka kai shi kurkukun Bama, bai fito ba sai bayan mutuwar Abacha a 1998. Dokta Beko Ransome-Kuti, ɗan rajin kare haƙƙin ɗan Adam, shi ma shekara 15 aka yanke masa a 1995.

A cikin wannan yajin aka ɗauke ni. Ba wani babba ba ne ni, takardu kawai muke bugawa da dare muna rabawa a tasha da bakin kasuwa. Da asuba suka zo, mahaifiyata tana alwala a tsakar gida, suka fito da ni daga ni sai singileti. Ta biyo mu har zaure da butar a hannunta tana cewa ku bar shi ya sa riga. Ɗakin da aka jefa mu ba ya ɗaukar mutum goma amma mun ninka haka, bokiti ɗaya ne na ba-haya a lungu, barci kuwa sai dai a yi karɓa-karɓa, wasu su kwanta wasu su tsaya. Dukan ƙafa da suka yi mini har yau in sanyi ya shigo sai na ji shi. Duk da haka ba dukan ne ya fi ƙona mini rai ba. Ranar da suka shimfiɗa takarda a gabana na ga sunayenmu duka, da ɗakin da muke taro, da maganar da na faɗa a gaban mutum biyar kacal, ranar na san cewa a cikinmu aka sayar da mu. Wanda ya yi, kwano ɗaya muke ci da shi. Ya sha kwana a ɗakina, mahaifiyata tana kiransa ɗana, ita ke ajiye masa tuwo in ya yi dare. Shi ya fi kowa zafin baki a taro, shi ke cewa mu masu sanyin jiki ne. Ina tsare ya je gidanmu ya yi mata jaje, har da hawayensa! Yau yana nan cikin manyan riguna, in an zo bikin ranar dimokuraɗiyya har jawabi yake yi. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Da na fito ma ban huta ba. A unguwa cewa ake na zama karen Yarabawa, ina yaƙar ɗan'uwanmu ɗan Kano, wato Abacha. Ina ce musu ai a zaɓen 12 ga Yuni Abiola har a Kanon ya kayar da Bashir Tofa, ƙuri'armu ce aka sace, amma wa zai saurare ka? Gidan da nake neman aure suka dawo mini da kayana.

To 1999 ta zo, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Namu suna ta gardama kan ko a shiga zaɓen soja ko a ƙaurace, ba jam'iyya, ba kuɗi, kowace ƙungiya na zargin 'yar'uwarta, sai ga waɗanda suka yi wa tazarcen Abacha gangami a Abuja a 1998 sun canza hula sun hau kujeru. Wannan ciwon rabuwar kai tsoho ne, tun Santsi da Taɓo, ɓangarori biyun da PRP ta rabu.

In za ka shiga, ka shiga, ban hana ka ba, ƙasar nan tana bukatar masu cewa a'a. Amma karatunka kada ya taɓu, na ga waɗanda aka kora daga makaranta suka ƙare ba takarda ba sana'a, babu wanda ya waiwaye su. Ka tambaye su ko suna da lauya, kuma in an kama mutum wa ke kai masa abinci, wa ke leƙa iyayensa. Mai yawan ingiza ku ku ƙona wani abu ko ku fasa shago, ka sa masa ido sosai. Sallarka kuma ba ruwan kowa da ita, mu a cikin ɗakin nan da taimama muke yin jam'i. Ka gaya wa wani a gida duk inda za ka.

Wani abu kuma da ke ci mini tuwo a ƙwarya kwanan nan, yaran da ke kiran kansu 'yan gwagwarmaya suna yi wa juyin mulki tafi don soja ya zagi Faransa. Ni ma ba na ƙaunar abin da Faransa ta yi wa maƙwabtanmu. Amma ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ta Yamai ran 9 ga Fabrairu 1990, a ƙarƙashin gwamnatin Janar Ali Saibou, wanda soja ne, aka harbe su, jininsu ne ya buɗe hanyar taron ƙasa na 1991. Ka tambayi kwamared ɗin naku ƙarara, in soja ya karɓi mulki gobe ya ce shi na talakawa ne, za su fito su yi tir ko za su yi murna? In suka fara kame-kame, ka ɗauki takalminka ka fita.